Ɓawon lemo da ƙwallon mangwaro: yadda ake ƙara musu amfani a abincin dabbobi

Wani bawan Allah mai shagon matse 'ya'yan itatuwa a cikin birnin Kano ya rubuto cewa kullum yakan fitar da buhunan ɓawon lemo da na abarba da kankana, idan mangwaro ya shigo kuma ga ɓawo ga ƙwallo, har sai ya biya masu kwasar shara kafin a raba shi da su. Ƙanensa yana kiwon raguna da 'yan kaji a gida. Ya ji an ce idan aka zuba wa wannan ɓawo yis, irin wanda ke kumbura burodi, aka rufe, yakan zama abinci mai gina jiki kamar ƙuli-ƙuli, shi ne yake son sanin ko gaskiya ne, da kuma yadda ake yi.

Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abin da ka ji akwai gaskiya a cikinsa, sai dai an ƙara masa gishiri. Kafin mu zo kan yis, ya kamata ka san abin da ke cikin buhun da kake zubarwa, domin duk wata dabara da za a yi a kansa daga nan take tasowa.

Idan aka matse lemo, kusan rabin nauyinsa yakan rage a matsayin ɓawo da ragowar matsa da 'ya'ya. Abarba ma kusan haka take, mangwaro kuwa ɓawo da ƙwallonsa sukan kai daga sulusi zuwa fiye da rabin nauyinsa, gwargwadon iri. Amma ɗanyen ɓawon lemo kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, ma'ana idan ka ɗora wa mai kura buhu mai kilo 100, abincin gaske da ya tura bai wuce kilo 20 ba. A cikin wannan kilo 20 ɗin, furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka, bai wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 100 ba, na abarba ma bai kai haka ba. Ragon da ake turkewa don Babbar Sallah kuwa yana bukatar abincin da furotin ɗinsa ya kai kamar kashi 12 zuwa 14. Abin da ɓawon yake da shi a yalwace shi ne suga da wani sinadari mai yauƙi da ake kira fektin, wanda tumbin dabbobi masu tuƙa yake narkarwa cikin sauƙi ya ba su ƙarfi da ƙiba. Wannan ne ya sa a jihar Fulorida ta Amurka da ƙasar Burazil, inda manyan masana'antun ruwan lemo suke, ake busar da ɓawon a dunƙula shi ƙanana a sayar wa masu shanu, har a yi safararsa zuwa Turai. Saboda haka abin da ke hannunka ɗan'uwan masara da dawa ne wajen aiki a jikin dabba, ƙuli-ƙuli kuwa aikinsa daban.

Babban abokin gabanka shi ne ruwan da ke cikin ɓawon haɗe da zafin Kano. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa da hantsi a watan Afirilu ya ga tulin lalatattun 'ya'yan itatuwa a gefe, ruwa na tsiyaya daga ƙasansu, ƙudaje sun yi baƙi a kai, tsami na dukan hanci tun daga nesa. Wannan ruwan da ke bin ƙasa sugan ne yake tafiya, kuma zafin da za ka ji idan ka cusa hannu cikin tulin shaida ce cewa ƙananan halittu sun riga dabbarka fara cin abincin. A irin wannan yanayi kwana biyu sun isa ɓawo ya tashi daga abinci ya koma abin da zai cutar. Don haka matakin farko na inganta shi yana faruwa ne a cikin shagonka: a wanke 'ya'yan itatuwan sosai kafin a feraye su, a ware ɓawon a mazubi mai tsafta da ba a jefa leda ko murfin kwalba ko ruɓaɓɓen kaya a ciki, sannan a fara sarrafa shi a ranar. Maganar leda ba ƙarama ba ce, domin mahautan garin nan sun san yawan ledar da suke cirowa daga tumbin awaki da tumaki. Wankin kuma yana da wani dalili: ragowar maganin feshi a jikin ɓawo yake zama, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan masu nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabayid na masu walda. Idan kana zargin an nunar da kaya ta wannan hanya, kada ka ba dabba ɓawonsa, kada kuma ka matsa wa mutane ruwansa.

Hanya mafi sauƙi a wurinmu ita ce shanya, kuma Allah ya yi mana gata a nan, domin lemo ya fi yawa a hunturu lokacin da iska ta bushe ƙarau, mangwaro kuma a bazara yake zuwa lokacin da rana take kan ganiyarta. A yayyanka ɓawon ƙanana kamar faɗin ɗan yatsa, a baza shi siriri a kan tamfol ko raga da aka ɗaga daga ƙasa, a riƙa juyawa sau biyu ko uku a wuni, a kwashe da yamma. Alamar ya bushe ita ce ya karye ƙas idan ka lanƙwasa shi. Muddin yana lanƙwasuwa kamar fata, da sauran ruwa a ciki, kuma idan ka ɗure shi a buhu zai yi funfuna. Ɓawon kankana ne kawai ban cika ba da shawarar a wahala wajen shanya shi ba, saboda ruwansa ya zarce kashi 90 cikin 100. Gara a yanka a ba dabbobi a ranar, a tsince 'ya'yan a busar daban, domin su kamar agushi suke, akwai mai da furotin a cikinsu.

Funfuna ita ce haɗarin da na fi jin tsoro a wannan harka. Wasu nau'o'inta suna fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta, tana rage girman dabba, tana kashe 'yan tsaki, kuma tana bi ta cikin nonon saniya ko akuya ta kai ga mutum. An gano wannan guba ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai funfuna. Dafuwa ba ta kashe ta, sake shanya kayan ma ba ya tabbatar da ta fita. Duk ɓawon da ka ga ya yi kore-kore ko baƙi-baƙi ko ya fitar da farin gashi, wurinsa ramin taki.

Idan damina ta sauka, daga Yuni zuwa Satumba, shanya takan gagara, a nan ne hanya ta biyu take da amfani, wadda masana kiwo ke kira sailej. Manufarta ita ce a hana iska shiga, domin irin bakteriyar da ke sa madara ta zama nono mai tsami ta cinye wani ɓangare na sugan ta mayar da shi tsami, tsamin kuma ya hana ruɓa. Sai dai ɗanyen ɓawo shi kaɗai ya cika ruwa, idan aka rufe shi haka nan caɓalɓalewa zai yi. Ana haɗa shi da busasshen abu da zai shanye ruwan, kamar dusa, kowar wake, ko harawar da aka daddatse. Kilo 100 na ɗanyen ɓawon lemo da kilo 20 na dusa za su ba ka haɗin da busasshen ɓangarensa ya kai kusan sulusi, wanda shi ake nema. Ba sai kana da ma'auni ba, hannunka ya isa: ɗebi cikin tafi ka matse da ƙarfi. Idan ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunka, ƙara dusa. Idan ka buɗe hannu dunƙulen ya tsaya sannan ya fara tsagewa a hankali, tafinka ya yi danshi kawai, haɗin ya yi daidai. Sai a zuba a duron roba mai murfi kaɗan-kaɗan, ana dannawa da taɓarya ko ƙafa mai tsafta har ya cika maƙil, a shimfiɗa leda mai kauri a kai, a rufe ƙam, a ajiye a inuwa aƙalla mako uku ba a buɗe ba.

Na taɓa cika duro biyu rana ɗaya da haɗi iri ɗaya, ɗayan murfinsa yana da 'yar tsaga da ban lura da ita ba. Ranar da aka buɗe, mai lafiyar ya fito da launin ruwan ɗorawa mai ɗan duhu, yana ƙamshin tsami mai daɗi kamar an haɗa nono da lemo, tumakin suka yi ta turereniya a bakin kwano. Ɗayan kuwa samansa ya yi baƙi kusan kamu guda, yana wari, da funfuna a gefe, dole aka zubar da mafi yawansa. Tun daga lokacin nake duba murfi kafin in duba komai. Idan an fara ɗiba daga duro, a riƙa kwasar na sama kullum ana mayar da leda da murfi, domin da zarar iska ta samu shiga, lalacewa ta fara ƙirga kwanaki.

Yanzu ga maganar yis. Gaskiya ne idan aka sa yis na burodi, ko wasu nau'o'in funfuna marasa guba da ake renonsu a ɗakin bincike, a kan ɓawo mai suga, suna cin sugan su hayayyafa, kuma jikin yis kusan rabinsa furotin ne, ga kuma sinadaran bitamin B. Amma furotin ba ya samuwa sai da naitirojin, wato sinadarin nan da ke cikin takin yuriya, yis kuwa ba ya iya ɗauko shi daga iska, sai abin da ya tarar a cikin kayan. Ka dubi daddawa: furotin ɗinta tun a cikin kalwa yake, rufin da mata ke yi mata na kwanaki narkar da shi yake yi ya fito da ɗanɗano. Ɓawon lemo ba shi da arzikin kalwa. Idan ka zuba masa yis shi kaɗai, adadin furotin cikin 100 zai ɗan ɗaga, amma mafi yawan ɗagawar daga raguwar sugan da yis ya ƙone ne, kamar miyar da ta ƙara gishiri don ruwanta ya ƙone. Masu bincike da suke samun ƙari mai yawa sukan haɗa da yuriya ko wani gishirin naitirojin domin yis ya samu abin gina jikinsa. A nan ma akwai tarko, domin gwajin furotin da aka fi yi a ɗakunan bincike, wanda masanin ƙasar Denmak Johan Kjeldahl ya fito da shi a 1883, naitirojin yake aunawa a ninka shi sau 6.25. Takin yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, don haka ko yis bai taɓa shi ba, takardar gwaji za ta nuna furotin ya hau. Idan wani ya nuna maka sakamako mai ban sha'awa, tambaye shi ko an sa yuriya, kuma ko an auna furotin na haƙiƙa. Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayin Musulmi: yis da suga idan aka toshe su babu iska, barasa suke yi. Mai son yis ya hayayyafa baza kayan yake yi siriri a faranti, ya lulluɓe da ƙyalle mai tsafta, yana juyawa kwana biyu zuwa uku, sannan ya shanya.

Ra'ayina shi ne, ga mai raguna biyar ko goma a gida, wannan wahalar ba ta biya. Tumbin rago da kansa tukunyar wannan aiki ce, cike yake da ƙananan halittun da ke mayar da naitirojin ya zama furotin idan sun samu suga. Shi ya sa ake iya sa wa manyan tumaki da shanu yuriya kaɗan a abinci, amma kada ta wuce kashi 1 cikin 100 na busasshen abincin gaba ɗaya, a narkar da ita a ruwa a yayyafa a cakuɗa sosai, a kuma saba musu a hankali. Idan ta taru wuri ɗaya rago ya cinye, tana iya kashe shi cikin sa'a guda. Ba a ba kaji, ko doki, ko jaki, ko 'yan raguna da 'yan awakin da ba su fara tuƙa ba. Wanda ba shi da sikeli mai auna giram, ina roƙonsa ya bar yuriya a gona.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce haɗa ɓawon da abin da yake da furotin tun asali, kuma duk ana samunsu a kasuwannin Kano. Ga misalin lissafi a kan kilo 100 na busasshen haɗi: ɓawon lemo kilo 35, harawar wake kilo 30, dusar alkama kilo 25, ƙuli-ƙuli ko tunkuzar gyaɗa kilo 9, gishiri kilo 1. Idan aka ɗauki furotin ɗin dusar alkama a kan kusan kashi 16, na harawa mai ganye kusan kashi 13, na ƙuli kusan kashi 45, haɗin zai ba da kusan kashi 14, daidai da bukatar ragon turka. Akwai wata fa'ida a wannan haɗi da masu kiwo da yawa ba su sani ba. Dusa tana da fosfaras mai yawa da ƙarancin kalsiyam, wato sinadarai biyu masu gina ƙashi, kuma ragon da aka cika shi da dusa zalla yakan kamu da tsakuwar mafitsara, ka gan shi yana nishi yana yunƙurin fitsari ba ya fita, sau da yawa ana dab da Sallah bayan an gama kashe masa kuɗi. Ɓawon lemo akasin haka yake, kalsiyam ɗinsa ya fi fosfaras yawa nesa ba kusa ba, don haka kowannensu yana toshe giɓin ɗan'uwansa. Idan kuma ƙanenka zai samu ragowar matsar tumatir daga masu markaɗe ko daga yankin Kadawa da Kura lokacin kakarsa, ya busar ya haɗa, domin furotin ɗinta yakan kai kusan kashi 20 saboda 'ya'yan da ke ciki. Kowane sabon haɗi a fara shi da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa cikin kwana 10 zuwa 14, tare da ciyawa ko harawa da ruwan sha wadatacce, saboda kayan zaƙi da yawa lokaci guda suna tsamar da tumbi su kawo zawo da ƙin cin abinci.

Ƙwallon mangwaro shi ne abin da aka fi yin asararsa, alhali ya fi ɓawon daraja. Kada a bar shanu su haɗiye shi ɗungurungum, yana maƙalewa a maƙogwaro. Idan aka shanya shi aka fasa, ƙwayar da ke ciki mafi yawanta sitaci ne, da mai kusan kashi 10 cikin 100. Man yana da kyau har dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta sa shi cikin mayuka shida da aka yarda a haɗa a cakulan, tare da man kaɗanyarmu. Matsalarsa ita ce baurin da kake ji idan ka ɗanɗana, wanda sinadarin tanin ke kawowa, shi kuma tanin yana ɗaure furotin ya hana jiki amfana da shi. Ana rage shi ta hanyar daddatsa ƙwayar, a jiƙa ta kwana ɗaya zuwa biyu ana sauya ruwa duk lokacin da ya yi ja, a tafasa, a zubar da ruwan, a shanya, a kai injin niƙa. Garin da aka samu zai iya maye gurbin wani ɓangare na masara. Ga kaji a fara da abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsu ba, ana lura da cin abincinsu da girmansu.

Kaji dai ba su da tumbi irin na rago, ɓawo mai zare-zare ba ya yi musu amfani sosai, 'ya'yan lemo ma suna da wani sinadari mai ɗaci da ke cutar da su. Hanyar da ɓawo zai zama musu furotin na gaske ita ce a bi da shi ta cikin tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira ƙudan soja. Ba irin ƙudan gida ba ne, babbansa ba ya bin abincin mutane. Tsutsarsa tana cinye ragowar 'ya'yan itatuwa cikin kamar mako biyu, idan aka busar da ita furotin ɗinta yakan kai kusan kashi 40 cikin 100, ga mai, abin da ta bari kuma taki ne. Wannan bai bambanta da yadda iyayenmu ke haƙo wa 'yan tsaki gara ba. Ita ma tsutsar ba ta girma da kyau a kan ɓawo zalla, sai an haɗa mata da dusa ko ragowar abinci, kuma ɓawon lemo kada ya yi yawa, domin man da ke jikinsa, wanda yake fesowa a ido idan ana ɓare lemo, yana takura ƙwari da ƙananan halittu. Ɓawon mangwaro da na kankana da ayaba sun fi dacewa da ita.

Idan kuma wata rana ka yi sha'awar sarrafa ɓawon don abincin mutane, kamar garin ɓawon lemo ko na mangwaro da ake ɗan haɗawa a burodi da biskit don ƙarin zare da ƙamshi, sharuɗɗan sun fi tsauri. Dole ɓawon ya fito daga lafiyayyun 'ya'yan itatuwa da aka wanke, a busar da shi a inuwa mai iska ko cikin akwatin shanya mai rufi, saboda rana tsaka tana lalata bitamin C da sinadaran launi, ƙurar hunturu kuma tana sauka a kai, sannan a nemi rajistar NAFDAC kafin a kai kasuwa.

Shawarata a aikace ita ce ku fara da duro ɗaya da tamfol ɗaya. Ku auna nauyin ɓawon da shagon ke fitarwa na mako guda, ku rubuta kuɗin ɗauka da na dusa da ƙuli, domin idan gidan ƙanenka yana da nisa, jigilar ɗanyen ɓawo kuɗin ɗaukar ruwa ne kawai, gara a busar kusa da shago a kai busasshe. Ku ware raguna biyu masu kusan girma ɗaya a ba su sabon haɗin, sauran su ci gaba da abincinsu na da, a riƙa auna su duk mako biyu. Idan kuna son sanin ainihin furotin ɗin haɗin naku, ku kai samfur sashen kimiyyar dabbobi na Jami'ar Bayero, ko cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, ku gaya musu duk abin da kuka sa a ciki da adadinsa.